Takalmin da Ya Zauna a Jidda

Takalman ba nawa ba ne, na mahaifina ne. Wani baduku a kasuwar Shagari ya ɗinka masa su da jar fata tun ina ɗan makaranta, kuma bai ɗinka su don yawon gari ba. Na aikin Hajji ne. Mahaifina manomi ne a Lambara, gero da dawa da damina, albasa a fadama da rani, kuma ya yi shekaru yana shirin wannan tafiya. Shekarar da ya gama shiri sai fari ya faɗo, dabbobin da ya tanada don hanya suka tafi wajen ciyar da gida. Kafin ya sake miƙewa, yanar ido ta rufe masa idanu biyu. Takalman suka zauna a ƙasan akwatinsa naɗe cikin tsumma, sau ɗaya a shekara yakan fito da su ya shafa musu mai ya mayar.

Ni ne ɗansa na fari, don haka tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana nemana sai dai ya ce, "Kai," ko ya tambayi mutanen gida, "Ina wanga?" Na saba, har in wani dattijo ya kira ni da sunana nakan ji wani iri.

A zamanin mulkin farar hula na biyu ina koyar da Arabiyya a wata firamare a Boɗinga. Saboda ɗan Larabcin nan nawa aka sa ni cikin masu yi wa alhazan yankinmu jagora. Ban nema ba, ban kuma yi zato ba. Da na je Lambara yin sallama, na yi ta jin nauyin faɗa wa mahaifina, domin kujerar da ya yi shekaru yana nema ga ta ta zo mini ina zaune. Ya saurare ni har na gama, sannan ya sa aka jawo masa akwatinsa. Ya laluba ya ciro ƙunshin tsumman ya miƙo wajen da yake jin muryata.

Ya ce, "Amshi. Tunda Allah bai nuhi ƙahwata ta taka ƙasag ga ba, takalmana su taka ta. Duk inda za ka, da su za ka. Amma ka maido mani abina, ina son in sa ƙahwa inda sunka taka."

Na ce, "In Allah ya yarda, Baba."

Ya ce, "Allah ya yarda. Kai dai ka kiyaye."

Ƙafar manomi ba ɗaya take da ta malamin makaranta ba. Tasa faffaɗa ce, tawa kuwa sai iyo take yi a ciki. Duk inda na bi ana jin tafiyata, fat, fat, fat, kamar ana yi mini tafi. Haka na taka da su Mina da Arfa, na je jifa na dawo, na zaga titunan Madina. In za a shiga masallaci kuwa, ina da wata 'yar jakar yadi da matata ta ɗinka mini, sai in zuba su ciki in rataya a wuya. Wanda ya taɓa zuwa ya san yadda takalmi yake ɓata a ƙofar Harami. Akwai wanda ya sake silifas sau uku a cikinmu. Ni kuwa har suna suka sa mini, wai mai gadin takalmi. Na bar su suna dariya, na gama aikin Hajjina cif da takalman mahaifina biyu a ƙafata.

Sai Jidda. Aka kai mu sansanin alhazai, aka auna kayanmu aka karɓe, da 'yar jakar yadin a ciki, domin a ganina aikinta ya ƙare. Daga nan aka ce jirginmu sai jibi. Abokan tafiyata suka shirya shiga kasuwa, mai neman rediyo, mai neman agogo, mai son a sa masa haƙorin zinariya. Ni ban bi su ba. A lokacin ina ji da kaina ƙwarai, ina ganin malami kamata ya yi ya buɗe ido ya ga gari, ya sami abin da zai faɗa wa ɗalibansa, ba ya tsaya cinikin tangaram ba. Da gari ya waye na sha shayi, na hau bas ni kaɗai.

Teku na fara nema. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi in ya yi ambaliya ba, sai ga ni tsaye gaban ruwan da ba shi da wancan ƙetare. Na daɗe ina dubawa ko zan hango ɗan itace ko tudu a can gaba, ban ga komai ba. Na sauka na ɗebo da tafin hannu na ɗanɗana, na tofar da sauri, gishirinsa har ɗaci yake yi. Sannan na ɗan taɓa ƙasan takalman da ruwan, ɗaya bayan ɗaya, don su ma su shaida sun zo. Wani Balarabe mai kamun kifi da ƙugiya ya dube ni, ya dubi takalman, ya koma kan ƙugiyarsa.

Daga nan na shiga tsohon gari, inda gidaje suke dogaye da tagogin katako masu ado, lunguna ƙanana, ƙanshin gahawa da turare ko'ina. Can na ji daɗi, don ya ɗan yi kama da wurin da mutane suka san juna. Amma da na fito sabon gari sai kaina ya ɗaure. Tituna faɗi-faɗi, motoci ba iyaka, mai tafiya a ƙasa kuwa sai ni da wasu leburori. Duk wanda na gamu da shi sai na yi masa sallama na tambayi gajiya, kamar yadda aka koya mini. Wasu su amsa a gajarce ba su ko tsaya ba, wasu su dube ni kamar zan roƙe su. Larabcina ma da nake taƙama da shi sai na lura na littafi ne. In na yi magana mutane sukan yi murmushi irin wanda ake yi wa mai huɗuba a inda ba masallaci ba.

Wajen hantsi rana ta fara cin ƙeyata, sai na iso wani gini mai hawa da yawa, gabansa duk gilashi. Ina matsowa ƙofar ta buɗe da kanta, wani sanyi ya bugo ni. Daga bakin ƙofar an shimfiɗa jan kafet har ciki, ga tukwanen furanni dama da hagu, ga wani mutum tsaye cikin kaki da hula. Ban yi shakka ba a raina cewa gidan wani babban mutum ne, ko gwamna ko hakimin garin. To, mu a wajenmu ko zauren mai unguwa ba a shiga da takalmi, balle inda aka yi shimfiɗa. Wallahi ban ma yi shawara da kaina ba, ƙafafuna ne suka yi abin da suka saba. Na tuɓe takalman, na jera su tsaf a gefen tukunyar fure, na yi wa mai kakin sallama har da ɗan rusunawa, na shiga. Ban ji tsoron komai ba, domin ba cunkoso, ba kuma wasu takalman da za su cakuɗa da nawa. Da ina da wayo, rashin wasu takalman a ƙofar shi ya kamata ya fara ba ni tsoro.

Ashe kasuwa ce. Kantuna ne jere, hawa bisa hawa, na tufafi, na agogo, na kayan wasan yara, na turare. Nan da nan na lura kowa da takalminsa a ƙafa, ni kaɗai ne ba ni da su. Mai hankali da sai ya koma ya ɗauko nasa. Ni kuwa sai na ce a raina, dubi mutanen nan, Allah ya ba su arziki bai ba su ladabi ba, suna tattaka shimfiɗa irin wannan da ƙurar titi. Na ci gaba da tafiyata ina jin ni ne mai tarbiyya a duk ginin. Gaskiya kuma sanyin daɓen a tafin ƙafa daɗi gare shi.

Na ga matakalar bene mai tafiya da kanta. Na tsaya na ga mutum biyar sun hau lafiya kafin na yi bisimilla na ɗora ƙafa, haƙoranta na ƙarfe suna cizon tafina. Da na isa sama na sauko, na sake hawa. A ƙasa akwai wani ƙaton kanti na abinci inda mutum yake tura keken ƙarfe yana ɗibar abin da yake so, ba mai ce masa kawo, ba ciniki. Can na tarar da albasa a cikin 'yar raga, ƙanana, fatarsu a bushe, an jera su ƙarƙashin fitila kamar wani abin kirki. Na ɗauki ɗaya na shinshina, na yi dariya ni kaɗai. Irin wannan a Boɗinga ita ake warewa gefe a ba 'yan talla. Na ce lallai wannan labari sai na kai wa Baba. Ban san na fi awa guda a ciki ba sai da na ji kiran sallar azahar, masu kantuna suka fara ja da ƙofofinsu.

Na fito bakin ƙofa. Tukunyar furen tana nan, takalma babu.

Na duba bayan tukunyar, na duba ɗaya tukunyar, na ɗaga gefen kafet kamar takalmi zai shige ƙarƙashinsa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, ko a wajen jifa da mutane suka danne ni ban ji haka ba. Na kama hannun mai gadin nan mai kaki ina yi masa bayani da Larabcin littafi, ina nuna ƙafata. Da ya gane sai ya kira wani siririn mutum mai shara, suka yi magana. Mai sharar ya nuna da hannu yadda ya ɗauke su ya jefa a garwar shara, ya kuma nuna titi, wato mota ta zo ta kwashe. Nan na manta da Larabci gaba ɗaya, na dinga zazzaga masa faɗa da Hausa, bawan Allah yana tsaye da tsintsiyarsa bai san me nake cewa ba. Har yau ina jin kunyar wannan faɗa. Ba shi da laifi. Takalman sun sha ƙurar Mina da zufata, sun yi baƙi sun lanƙwashe, duk wanda ya gan su a ƙofar irin wannan wuri zai ɗauka yarwa aka yi.

Mai gadin, don kirki, ya nuna mini sama, wai akwai kantin takalma a hawa na biyu. Na koma gefen ginin inda akwai 'yar inuwa, na zauna a ƙasa, na yi kuka. Sabon alhaji, malamin makaranta, mai mata da 'ya'ya biyu, zaune a bakin titi ba takalmi yana sharɓe. Abin da nake gani kawai shi ne hannun mahaifina a miƙe yana jira.

Ina nan sai wata babbar motar shara ta tsaya kusa da ni. Direban ya sauko, dogo, baƙi, da tsaga uku a kowane kunci, mai gemu da furfura kaɗan. Daga baya na san mutumin Sudan ne. Masallaci za shi, amma da ya gan ni sai ya tsaya ya yi sallama, cikakkiyar sallama irin wadda na yini ina nema. Ya tambaye ni wa ya rasu. Na ce ba wanda ya rasu, takalmi ne. Bai yi dariya ba. Ya tsuguna, na ba shi labari tun daga Lambara, yana gyaɗa kai, in na kakare a kalma ya ciko mini. Da na gama ya ce, "Tashi mu yi salla tukuna."

Bayan mun idar ya koma wajen mai gadin suka yi magana, ya dawo ya ce mini, "Motar da ta kwashi sharar nan ta wurin aikinmu ce, duk wuri ɗaya muke zubarwa, can bayan gari. Zan kai ka. Amma sai na gama zagayena, ba zan bar aikin mutane ba. Ban kuma yi maka alkawarin za mu samu ba." Ya buɗe mini ƙofa, ya jawo wasu silifas na roba shuɗɗa daga ƙarƙashin kujerarsa, waɗanda yake alwala da su, ya ce in sa kafin kwalta ta gasa ni.

To, ka ji yadda na ga birnin Jidda. Wasu a tasi suke yawon buɗe ido, ni a gaban motar shara na yi nawa, kuma ban yarda akwai wanda ya fi ni ganin gari ba. Kujerar tana da tsawo, ina hango abin da ke bayan katangar masu kuɗi, ciyawa kore shar da famfo yana fesa mata ruwa da rana tsaka. Muka hau gadar sama, motoci suna gudu a ƙarƙashinmu, na riƙe ƙofa gam yana yi mini dariya. Muka wuce wani shataletale da aka kafa wa ƙaton keke, wanda tayarsa kaɗai ta fi ɗakin ajinmu tsawo. Na tambaye shi wa yake hawa, ya ce ba kowa, ado ne. Ya nuna mini tashar jiragen ruwa, jirage sun yi layi a kan teku suna jiran a sauke musu kaya. Ya nuna mini wata masana'anta mai dogayen bututun hayaƙi, ya ce a nan ake dafa ruwan teku a raba shi da gishiri, shi duk garin suke sha. Na tuna matan Lambara da guga a bakin rijiya.

Ya kuma bi da ni inda bas ba ta bi. Bayan manyan gine-ginen akwai lungunan da masu gina su suke kwana, shanya a kan igiya, mutum goma a ɗaki. A wani lungu na ji wata mata tana kiran 'yarta da Hausa, tana zaune gaban tiren gyaɗa, na leƙa ta taga na gaishe ta, ta amsa tana mamaki har muka wuce. Da yunwa ta taso ya ciro burodi da dafaffen wake da ɗanyar albasa, muka ci a kwano ɗaya. Duk da halin da nake ciki sai da na gaya masa albasarmu ta fi wannan. Ya ce ta garinsu ma ta fi ta, muka yi musu kaɗan. Idona yana kallon gari, amma duk tsayawar da zai yi a ɗora shara sai in ji kamar in sauka in tura motar.

Sai wajen la'asar muka fita bayan gari. Jujin yana tsakanin wasu duwatsu marasa ko ciyawa, faɗinsa ya fi fadamar garinmu, hayaƙi yana tashi nan da can, shirwa tana shawagi. Warin ba ya faɗuwa. Da na ga girman wurin na ce masa mu koma kawai. Ya ce, "Ba mu zo nan don mu koma ba." Ya sami mutumin da yake nuna wa motoci inda za su juye, ya tambaye shi inda motar safe ta unguwar nan ta zubar. Aka nuna mana wani tsibi. Ya gane shi da kwalayen kasuwar, don ya san tambarinsu. Ya ɗauki manjagara ya ba ni sanda, muka shiga.

Ba zan faɗi abin da hannuna ya taɓa a ranar ba. Mun yi sallar la'asar a gefe bisa kwali, muka koma. Rigata fara ta tashi daga fara. Shi kuwa wannan bawan Allah, da ba ubansa ba, ba garinsu ba, yana ta tona yana juyawa, zufa tana ɗiga daga gemunsa. Can sai na ji ya ce, "Ya hajji!" Na waiwaya, ga shi ya ɗaga takalmi ɗaya sama, ganyen shayi ya manne masa. Na ruga na karɓa na rungume shi a ƙirji da dattinsa da komai. Na hagu ne.

Muka ce ɗan'uwansa ba zai yi nisa ba. Muka tone wurin, muka faɗaɗa, muka sake bin inda muka riga muka bi. Rana ta yi ja. Sai ga katafila ta taso za ta ture tsibin ta rufe da ƙasa, kamar yadda ake yi kowace yamma. Abokina ya je ya roƙi mai tuƙa ta, mutumin ya kashe inji ya ba mu ɗan lokaci, har ya sauko ya taya mu dubawa. Amma shi ma aiki aka sa shi. Da ya ga magariba ta kusa ya ɗaga mana hannu alamar haƙuri, ya hau. Ina tsaye da takalmi ɗaya a hannu na ga ƙasa ta rufe wurin. Direban ya dafa kafaɗata.

Ya kai ni har kusa da ƙofar sansani, inda aka yarda motarsa ta tsaya. Na kwance agogona na miƙa masa, ya ɓata rai kamar na zage shi. Na sunkuya zan tuɓe masa silifas ɗinsa, ya ce in tafi da su. Ya ce, "Kai sabon alhaji ne, addu'arka karɓaɓɓiya ce. Ina da tsohuwa a ƙauye bakin kogi, na daɗe ban gan ta ba. Ka roƙa mini Allah ya sa in same ta da rai." Na ɗaga hannu a nan bakin titi na yi masa addu'a da duk Larabcin da na sani, wannan karon na littafin ya yi amfani. Ya shafa, ya hau motarsa ya tafi. Ban tambayi sunansa ba, shi ma bai tambayi nawa ba, kuma babu shekarar da ba na jin haushin kaina a kan haka.

A cikin jirgi wani abokin tafiya da na ba shi labari ya kawo mini shawara. Ya ce badukun yana nan da rai, tsoho kuma ba ya gani, in kai na hagun a ɗinka masa ɗan'uwa, a shafa mai a turmuza shi a ƙasa, shi ke nan. Ba zan ɓoye ba, shawarar ta zauna mini. Ranar da zan je Lambara na sauka a Shagari, na je har rumfar badukun da takalmin a aljihun babbar riga. Muka gaisa, ya yi mini barka da dawowa, ya tambayi jikin Baba. Hannuna yana kan takalmin, amma na kasa fito da shi. Mutumin da ya ba ni amanar ƙafarsa, in sa ya taka ƙarya yana hamdala? Na ba badukun dabino, na yi masa sallama.

A gida aka yi ta shigowa ana yi mini barka, ana shan zamzam. Baba yana zaune a kan buzunsa a zaure, yana jira har mutane suka ragu bayan la'asar. Sannan ya miƙo hannu ya ce, "Ina saƙona?"

Na ɗora masa takalmin a tafin hannu. Ya shafa shi daga gaba har baya, ya kai hanci ya shinshina, ya ajiye a cinya. Ya sake miƙo hannu.

Na ce, "Baba, guda na. Guda ya ɓace."

Hannun ya daɗe a miƙe kafin ya janye shi. Ya ce, "Hwaɗa mani yadda anka yi."

Na faɗa masa duka, ban rage komai ba, har faɗan da na yi wa mai shara da tsayawata a rumfar baduku. Da na zo wajen jan kafet sai ya tare ni. "Tsaya. Kasuwa kac cire ma takalmi?" Na ce kasuwa. Ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, ni kuwa kaina a ƙasa. Da na zo kan direban ya daina dariya, ya sa na maimaita masa wurin sau biyu. Sannan ya riƙa bin gefen takalmin da babban yatsa.

Ya ce, "Wanga na hagu na. Na dama na can ke nan."

Na ce, "Shina can, Baba. Ka gahwarce ni. Kuma ba Makka ba ta, Jidda ta."

Ya ce, "Jiddan nan ba ita ta ƙohwar Makka ba? Ba ta nan kunka shiga ba?"

Na ce, "Ta nan munka shiga."

Ya ce, "To, Alhaji, kai da kay yi karatu. In ka iske takalmin mutum ga ƙohwa, ina mai shi?"

Tunda aka haife ni ranar ce ya fara kirana da wani abu da ba "kai" ba. Na ce, "Shina ciki."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya sa na hagun a ƙafarsa, ya ce in ba shi silifas ɗin mutumin Sudan, na dama.

Haka ya riƙa zuwa masallacin Juma'a, jar fata a hagu, shuɗiyar roba a dama, jikansa yana riƙe masa sanda. Mutane suka yi dariya suka gaji. Na yi na yi in sa a ɗinka masa sababbi ya ƙi. Kowace salla kuma sai ya sa direban nan da tsohuwarsa a addu'a, yana ce masa "mai motan nan."

Shekarun da suka biyo baya ba su zo da sauƙi ba. Kaya suka yi wuya, muka koyi bin layin shinkafa da sabulu a Boɗinga, soja suka karɓi mulki, damina ta sake yin gardama. Maganar wani ya je Hajji daga gidanmu ba ta sake tasowa ba, shi ma bai sake tayar da ita ba, kuma ban ƙara jin ya yi zancen da baƙin ciki ba. A cikin wannan farin aka aiko mini makaranta wata Talata da hantsi cewa in zo gida. Na hau motar kasuwa zuwa Shagari, na ƙarasa a bayan keken wani. Da na shiga gida na ji shirun da ya yi yawa, na gane Baba ya cika, ban tambayi kowa ba, na wuce sashensa. A ƙofar ɗakinsa na same su a jere tsaf, na fata da na roba. Na tuɓe nawa na ajiye kusa da su, na shiga.